Kukis ɗin gyaɗa da cakulan ba fulawa: yadda za ki gasa shi bai ruguje miki ba

Ranar da na fara gasa wannan kukis, da cokali muka ci shi. Na fito da faranti daga obin, ƙamshin gyaɗa ya cika kicin, zumuɗi ya ɗebe ni na kai hannu zan ɗauki ɗaya. Rabi ya biyo yatsuna, rabi ya yi zamansa a faranti. Na ce to bai nuna ba ke nan, na mayar da shi wuta na ƙara masa minti biyar. Da ya fito ya huce sai ga shi ya bushe ƙamas, ana taɓa shi yana zuba kamar yashi. Kayan haɗina lafiyarsu ƙalau. Gaggawa ce ta kayar da ni sau biyu a rana ɗaya.

Asalin kukis ɗin abu uku ne kacal: kofi ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa, kofi ɗaya na sukari, da ƙwai ɗaya. Haka Amurkawa suka daɗe suna yin sa. Cakulan ɗin aro ne daga wani kukis na daban, wanda Ruth Wakefield ta ƙirƙiro a masaukin baƙinta na Toll House da ke jihar Masachuset cikin shekarun 1930. Haɗin kuwa ya yi armashi, domin ɗan ɗacin cakulan yana karya nauyin gyaɗa a baki.

Idan babu fulawa, me ke riƙe shi?

Sai kin gane wannan kafin sauran matakan su zauna miki. A kukis na yau da kullum fulawa aiki biyu take yi. Sitacin da ke cikinta yana shanye laima ya kame idan ya ji wuta, sannan da zarar ruwa ya taɓa ta sai gulutin ya tashi, wato furotin ɗin nan mai danƙo da ke sa kwaɓin burodi yana miƙewa kamar roba. Kin cire fulawa, kin cire su duka biyun.

Abin da ya rage miki shi ne gyaɗa, wadda kusan rabin nauyinta mai ne, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin. Ke nan ita ce bota, ita ce gari. Ƙwai guda ɗayan nan shi kaɗai ne manne, yana daskarewa a wuta ya kama komai wuri guda. Sukari kuma narkewa yake yi a obin, sai ya huce sannan ya sake ƙarfi. Shi ya sa kukis ɗin yake fitowa daga wuta lagab-lagab ko da ya nuna sarai. Ba ɗanye ba ne, bai kame ba ne kawai, kuma kamewar a wajen obin take faruwa.

Kayan haɗi

- Niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi, kofi 1 (giram 250)
- Jan sukari, kofi ¾ a danne (giram 150)
- Ƙwai babba 1, kimanin giram 50 ba tare da ɓawo ba
- Bekin soda, rabin ƙaramin cokali
- Banila, ƙaramin cokali 1
- Gishiri, kwatan ƙaramin cokali, idan gyaɗar ba ta da shi
- 'Yan ƙwayoyin cakulan, giram 100, wato ya ɗan haura rabin kofi

Wannan zai ba ki guda 18 ko kusa da haka. In kina da sikeli, auna da shi. Niƙaƙƙiyar gyaɗa maƙalewa take a kofi, kuma abin da ya maƙale ɗin sai ya kai babban cokali guda ba ki ankara ba.

Na rage sukarin daga kofi ɗaya zuwa ¾ saboda cakulan ma da nasa zaƙin. Amma kada ki zarce ƙasa da giram 120, domin sukarin nan ba don zaƙi kaɗai yake ciki ba, yana cikin ginshiƙan da ke riƙe da ginin. Jan sukari na fi so saboda baƙin ruwan raken da ke jikinsa yana riƙe laima, sai kukis ya fito da taushi da ɗan danƙo, kuma ɗan tsamin da ke cikinsa shi ke tayar da bekin soda. Da farin sukari zalla ma yana yiwuwa, sai dai zai fi garas-garas, ya fi saurin marmashewa. Rabi da rabi ma ba laifi. Zuma kuwa a nan ba wurinta ba ne, ruwanta ya yi yawa.

Maganar gyaɗar, domin a nan aka fi samun saɓani

Niƙaƙƙiyar gyaɗar kwalba iri biyu ce. Akwai wadda kin buɗe kin same ta sumul, ba mai a sama, ko ta shekara a ajiye. An zuba mata ɗan daskararren mai ne don kada ta rabu, dabarar da Joseph Rosefield ya fito da ita a Amurka cikin shekarun 1920. Akwai kuma zallar gyaɗa, wani lokaci da ɗan gishiri, wadda mai ke tasowa ya kwanta a samanta.

Ta farkon ta fi sauƙin sha'ani, kuma da ita nake ba mai koyo shawarar ya fara. Kwaɓinta ba ya ba da wahala, kukis ɗin ya fito daidai kowane lokaci. Ta biyun ta fi ƙamshi da ɗanɗano nesa ba kusa ba, amma tana da sharaɗi. Dole ki sa wuƙa ko dogon cokali ki juya ta tun daga gindin kwalba har man ya koma ciki gaba ɗaya. In kika ɗebi ta sama, mai ya yi yawa, kukis ya malale a faranti. In kika ɗebi ta ƙasa da ta daskare, ya fito busasshe. Kwalba ɗaya, sakamako biyu. Wadda aka rubuta an rage mata mai kuma ki bar ta a kanti, domin abin da aka cike gurbin man da shi yana canza kwaɓin.

In ke za ki niƙa da kanki, ki tsince gyaɗar da kyau tukuna. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta yanƙwane, ko ta canza launi, a zubar, saboda gubar afulatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa zafin gashi ba ya kawar da ita. Ki gasa ta a obin minti 10 zuwa 12 har ta yi ƙamshi, ki murje ɓawon, ki zuba a injin niƙa tana da ɗumi. Za ta fara zama gari, sai ta dunƙule kamar ta ƙi, sai can ta saki mai ta zama sumul. Minti huɗu zuwa biyar ne, kina tsayawa kina kankare gefe. Ko ɗigon ruwa kada ki sa. Ki bari ta huce sarai kafin ki yi aiki da ita.

Rashin fulawa daban, rashin gulutin daban

Wanda ya bar fulawa don ra'ayi zai iya tsallake wannan. Amma in don mai cutar siliyak kike yi, ki tsaya. Ciwo ne da ke kama kimanin mutum ɗaya cikin ɗari a duniya, inda gulutin ke sa garkuwar jiki ta afka wa bangon ƙaramin hanji, kuma ɗan kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Gulutin na cikin alkama da sha'ir da hatsin rai. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, a dokar da ta fitar a 2013, ta ce ba za a rubuta wa abinci "babu gulutin" ba sai gulutin ɗin da ke cikinsa bai kai kashi 20 cikin miliyan ba, Tarayyar Turai ma a kan 20 ɗin ta kafa iyakarta. Ki duba ƙanƙantar adadin, sai ki san cewa ƙurar fulawar da ta rage a kan tebur ba abin rainawa ba ce.

Gyaɗa da ƙwai da sukari ba su da gulutin. Inda ɓarawon ke shigowa shi ne cakulan: wasu ana sa musu tsiron sha'ir, wasu da gutsattsarin biskit a ciki, wasu kuma a injin da aka sarrafa alkama aka yi su, za ki ga gargaɗin da ƙananan haruffa a bayan leda. Karanta. Haka ma kwalbar gyaɗar da aka riga aka buɗe ana tsoma mata wuƙar burodi, ta tashi daga aiki, a buɗe sabuwa. Ludayin katako mai tsaga, rariyar da ta taɓa tankaɗe fulawa, tsohon farantin da kek ya ƙone a kusurwarsa, duk a kauce musu ko a shimfiɗa sabuwar takardar gashi. Sannan ki tuna gyaɗar kanta wasu jikinsu ba ya ɗaukarta, har takan toshe musu numfashi. Duk wanda za ki miƙa wa, ki gaya masa abin da ke ciki.

Kwaɓi

Ki fito da ƙwan daga firij minti 30 kafin ki fara, ko ki tsoma shi a ruwan ɗumi minti biyar. Ƙwai mai sanyi yana daskarar da man gyaɗar, sai haɗin ya ƙi shiga juna.

A kwano mai faɗi ki fasa ƙwan, ki zuba sukari da banila da gishiri da bekin soda. In sodar ta yi gudaji ki murje ta da bayan cokali tukuna, don babu fulawar da za ta raba ta ko'ina, kuma wanda ya tauna gudajin soda ba zai manta ba, ɗanɗanon sabulu ne sak. Ki kaɗa su minti ɗaya cur, har sukarin ya fara narkewa haɗin ya yi sheƙi. A nan ne kaɗai kike da izinin kaɗawa da ƙarfi.

Yanzu ki zuba gyaɗar, ki koma juyawa a hankali da cokali. Ki sa ido sosai. Da fari haɗin zai yi ruwa-ruwa yana santsi, har ki ce wannan ba zai taɓa dunƙuluwa ba. Juyi goma, goma sha biyar, sai ki ji cokali ya yi nauyi a hannunki, kwaɓin ya fara barin jikin kwano yana haɗe kansa. To, tsaya nan. Abin da ya faru shi ne garin gyaɗar ya cafke ruwan da ke cikin ƙwan, ya kumbura ya manne da juna. In kika ci gaba da murzawa, matse shi kike yi, man zai fara tsatsowa. Za ki ga kwaɓin yana ƙyalli, ga mai yana taruwa a gindin kwano, kuma man da ya fita ba ya komawa yadda yake. Kukis ɗin irin wannan kwaɓi maiƙo a waje, bushewa a ciki. Shi ya sa ba na sa injin kwaɓi a wannan aikin, ƙarfinsa ya wuce buƙata.

Ki zuba cakulan, ki rage ɗan kaɗan a gefe na ado, ki juya sau uku ko huɗu. Wasu ƙwayoyin za su riƙa zamewa suna faɗowa saboda maiƙo, ba komai, wajen mulmulawa za ki tura su ciki. 'Yan ƙwayoyin da ake sayarwa don gashi man kokonsu kaɗan ne, don haka suna riƙe siffarsu a wuta. In sandar cakulan kika daddatsa da wuƙa, zai narke ya yi 'yan tafkuna a sama. Ni wannan ya fi burge ni, sai dai gutsuren kada ya wuce girman ƙwayar wake, in ba haka ba nan kukis zai karye.

Firij da mulmulawa

Rufe kwanon, sa a firij minti 30. In da zallar gyaɗa kika yi, ko kicin ɗin na da zafi, ki ba shi awa ɗaya. Sanyin yana kama man, sukarin ya samu lokacin jiƙa, kukis ba zai baje da wuri ba.

Saura minti 15 ki kunna obin a digiri 175 na Salshiyas, wato 350 na Faranhait. In mai fanka ne, 160 ya isa. Shimfiɗa takardar gashi a faranti. Kada ki shafa mai, kwaɓin da nasa ya zo.

Ki ɗebi cikin babban cokali ɗaya da rabi, kimanin giram 30, ki matse a tafin hannu sau biyu, ki mulmula. Jera su da tazarar yatsu uku. Sai ki danna kowanne ya ɗan baje, kaurinsa ya zama kamar na ɗan yatsa. Kwaɓin nan yana da nauyi, ba ya bajewa da kansa sosai, in kika bar shi a dunƙule waje zai ƙone ciki bai ji wuta ba. Zanen nan na cokali mai yatsu da aka san kukis ɗin gyaɗa da shi, a danna tsaye a danna kwance, asalin amfaninsa ke nan, ado daga baya ne. Da cakulan a ciki yatsun cokalin suna karo da ƙwayoyin, don haka ni da tafin hannu nake dannawa. In gefen ya tsattsage ki haɗe shi da yatsa, domin tsagar da ta shiga wuta faɗaɗa take yi. Manna sauran cakulan a sama.

Ga dabarar da ta cece ni sau da yawa: gasa guda ɗaya tak tukuna. Minti goma ne za ki kashe, amma zai gaya miki halin obin ɗinki da halin kwaɓinki kafin ki sa duka a caca.

Wuta

Faranti ɗaya a lokaci guda, a matakin tsakiya. Minti 9 zuwa 11. Daga minti na takwas ki tsaya kusa.

Launi ba zai taimake ki ba, tunda kwaɓin da ma ruwan ƙasa ne tun kafin ya shiga. Abin dubawa uku ne. Sheƙin da ke sama ya dushe. Saman ya ɗan kumbura ya yi 'yan tsage-tsage. Gefen ya kame, in kika taɓa da kan yatsa a hankali ba ya lotsawa. Tsakiyar kuwa za ta kasance da laushi har zuciyarki ta ce a ƙara minti biyu. Kada ki saurare ta. Kukis ɗin da ya yi miki kama da ya gama a cikin obin, ya riga ya wuce.

Gyaɗa da jan sukari suna saurin ƙuna ta ƙasa. In farantinki baƙi ne ko siriri, ko obin ɗin na gas ne mai wuta daga ƙasa, ki ɗora farantin a kan wani farantin, ko ki rage digiri 10. In obin ɗin ya fi zafi ta gefe ɗaya, juya farantin a minti na shida, da sauri, kada zafi ya tsere.

Minti goma sha biyar da ba a taɓa shi

Ki ajiye farantin a inda iska ke ratsawa ta ƙasa, ki juya masa baya. Zafin ƙarfen yana ƙarasa dafa gindin, kumburin yana sauka, narkakken sukari da man gyaɗa suna kamewa. Minti 10 ne mafi ƙaranci, 15 ya fi. In akwai yara a gidan, wannan ne mataki mafi wuya a duk girkin.

Bayan nan ki zura siririn cokali mai faɗi ta ƙasa ki ɗauke su zuwa kan raga, su ƙara minti 20. Cakulan ya fi kukis ɗin jinkirin kamewa, don haka kada ki ɗora wani kan wani sai kin taɓa ƙwayar ba ta bar miki shaida a yatsa ba. Zagaye na biyu kuma kada ya hau faranti mai zafi, man zai narke tun kafin a rufe obin.

In ya ƙi

Ya malale ya zama faifai ga mai kewaye da shi: ko gyaɗar saman kwalba ce, ko an cika juyi, ko bai sha sanyi ba. Sauran kwaɓin ki goge man da ya taru da takarda, ki mayar firij awa ɗaya. Yana marmashewa bayan ya huce: ya daɗe a wuta, ko ƙwan ƙarami ne. In tun a kwano kika ga kwaɓin ya ƙi haɗuwa, ƙara gwaiduwa ɗaya, ba ruwa ba, ba madara ba. Ya zauna a dunƙule kamar yadda kika sa shi: ba ki danna ba, ko sodar ta mutu. Gwajinta ba wuya, ɗiga mata ruwan lemon tsami a cokali, in ba ta yi kumfa nan take ba ta gama aiki. Kina jin yashi-yashi a haƙori: sukarin bai narke a ƙwan ba, musamman in mai manyan ƙwayoyi ne.

Wani abu da ya kamata a faɗa: rashin fulawa bai mayar da shi abincin rage ƙiba ba. In aka lissafa kayan da ke sama aka raba 18, kowane ɗaya yana kusa da kalori 150, kuma sukarinsa na nan daram. Mai ciwon sukari kada sunan ya ruɗe shi.

Ajiya

A mazubi mai murfi da iska ba ta shiga, yana kwana huɗu zuwa biyar, da takarda tsakanin kowane jeri. A rana ta biyu ya fi daɗi ma, ya fi taushi kuma ya daina saurin karyewa. Inda ake zafi ki sa shi a firij don cakulan, ki fito da shi minti goma kafin ci.

Ni dai yanzu ninki biyu nake kwaɓawa. Rabi in gasa, rabi in mulmula in danna in jera a faranti in sa a firiza. Sun daskare in juye su a leda in ɗaure, suna kai wata uku. Ranar da aka so, guda biyu ko uku ake ɗauka a jera a faranti da ƙanƙararsu, ba sai sun saki ba, a ƙara musu minti biyu a kan lokacin da aka saba.